Ɗigon da Yaya Sabi'u Ya Bari Sai Ƙarshe

Duk wanda ya san Yaya Sabi'u ya san tsayuwar nan tasa. Ana cikin tafiya a babur sai ya taka birki, ya sauka, ya ɗaga waya sama, ya ƙame har sai lambobin wurin sun daina rawa. In ka gaishe shi a lokacin, wallahi da iska ka gaisa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na sha tsayuwa a rana da goyo a bayana saboda wannan hali.

Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗora wa kansa yin taswirar rijiyoyi, tun daga Gumel har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. In ya dawo sai ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa da ya ɗaure da roba, ya zuba lambobin a wani yaren lissafi da yake kira R, ya rubuta 'yan layuka, sai ga taswira a intanet. Ka ja da yatsa ta tafi, ka taɓa ɗigo ya gaya maka sunan rijiya da gaba nawa ne zurfinta. Shuɗi mai ruwa, ja wadda ta ƙafe. Tamu ta ƙauye, can bayan Sule Tankarkar inda Innarmu take zaune, ta daɗe da ƙafewa, amma ko a taswirar babu ta.

Dokarsa ɗaya ce: ba ɗigo sai ƙafarsa ta taka. Wani dagaci daga wajen Gagarawa ya taɓa aiko da lambobin rijiyarsu har da hoto, Yaya ya ƙi sawa. Dagacin ya zo da kansa a fusace, yana tambaya ko maƙaryaci aka ɗauke shi. Yaya ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai na yarda da kai. Rijiyar ce ban san ta ba." Washegari ya je, ya jefa guga, ya sha, ya kwana uku cikinsa na murɗawa. Ya sa mata shuɗi, ya rubuta a ƙasa: a tafasa.

Sau ɗaya na ga ya ji kunya. Ya tara mutane a wani aji a Gumel zai nuna aikinsa, taswira ta buɗe fayau, ba ɗigo ko ɗaya. Ashe kowane wuri lamba biyu gare shi, ta arewa da ta gabas, shi kuwa ya sa ta gaba a baya. Da ya ja taswirar zuwa kudu, sai ga rijiyoyinmu kaf sun yi cincirindo a wajen Yola. Wani dattijon makiyayi ya leƙa, ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe can ruwan namu ya tafi." Aka yi dariya.

To, a taron nan ne wata ƙungiya mai haƙa burtsatse ta ce da taswirarsa za ta zaɓi ƙauyukan da za ta yi wa. Na ce alhamdulillahi, gobe sai gida. Ina! Ya ce namu sai ƙarshe, kada a ce Sabi'u ya fara da ƙauyen uwarsa. Na tambaye shi ko kunyar tasa Inna za ta zuba a randa. Ya yi kamar bai ji ba, ya hau babur ya nufi Maigatari. Haushin da na ji ranar, har yau bai gama sauka ba.

Ƙauye huɗu suka rage masa, har da namu, sai ciwo ya kwantar da shi. Na roƙe shi ya bari in je in ɗauko lambobin rijiyarmu. Ya girgiza kai, wai ƙafarsa ba ta taka ba.

"Haba Yaya, can fa aka binne cibiyarka."

"Lokacin ba ni da waya," in ji shi.

Maganar ƙarshe kenan da ta sa ni dariya a gabansa. Kafin mu yi masa sadakar arba'in an rufe zaɓen ƙauyuka, motar haƙa ta wuce ta titin ƙauyenmu ba ta ratso ba.

Duk da haka na ɗauki wayarsa na je. Na tsaya a bakin rijiyar, na ɗaga hannu, na ƙame. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne, ta dube ni ta ce, "Haka shi ma yake yi?" Sai ta kawar da kai. Rabin gidajen ƙauyen sun tashi saboda rashin ruwa, ita ma satin nan ta yarda ta biyo ni Gumel.

Da na koma na buɗe kwamfutar, na bi littafinsa layi-layi na sa lambobin. Ɗigon ya faɗa Yola. Na yi dariya har ta koma kuka. Sannan na juya su, ya dawo gida, ja, shi kaɗai a gefen taswira.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka taurin kanka, Ya yafe mini faɗan da na yi maka. Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara da ba ya ƙafewa. Mu kuma Ya kawo wanda zai taɓa jan ɗigon nan.