Madannan Garzali

Ban taɓa ganin mutum mai rowar sani kamar Garzali ba, kuma na zauna da shi shekara da shekaru a ƙaramin gidan rediyonmu na yankin Agiye. Ni ce mai karanta sanarwa: aure, suna, rasuwa, akuyar da ta ɓata. Shi ne mai kula da kwamfuta, kuma sai an buɗe wata manhaja a cikinta muryata ke fita gari.

Ɗan manomi ne daga wani ƙauye can wajen Sae Sabuwa. Bai yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, a wani shagon buga takardu a Maradi ya koyi na'ura. Da ya samu aikin rediyo sai tsoro ya kama shi, kada wata rana a kawo mai takarda a zaunar a kujerarsa. Sai ya yi dabara. Ya ɗaura wa kowace manhaja nata madannai, in ya danna biyu tare da harafi ɗaya sai ta buɗe nan take. Wannan ba laifi ba ne, sauri ne. Amma sai ya bi ya ɓoye duk hotunan da ake dannawa a fuskar kwamfutar, ya kulle sauran hanyoyin, ya kankare haruffan madannan da reza. In zai danna kuma, sai ya rufa hannu da hularsa kamar mai cin nama a cikin yara.

Na roƙe shi ya nuna mini, har Malam Isaka shugabanmu ya sa baki.

"Mi za ki yi da shi, Zaituna?" in ji Garzali. "Ke dai ki yi ta zuba, bakinki ya ishe ki."

Haushinsa nake ji har cikin raina, ba na ɓoyewa. Ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓo ya zo, don kada a ga ranar da aka yi aiki ba shi.

Wata safiya aka aiko mahaifinsa ya rasu. Ya hau babur ya tafi ƙauye bai biyo ta rediyo ba. Da hantsi ya kira ni, ya ce in yi sanarwa dangi su ji, za a yi jana'iza kafin azahar.

Na yi masa ta'aziyya, na ce, "To Malam Garzali, ga ni gaban na'urar. Waɗanne zan danna?"

Ina jin kukan mata a bayansa.

Na ce, "Ka faɗi mana, don Allah! Ubanka na kwance hwa!"

"Bari dai in taho in buɗe da kaina," ya ce, ya kashe waya.

Ya kuwa taho, duk nisan nan, ga yashi, ga damina ta ɓata hanya. Ya shigo ido jajur, ya cire hula ya rufa hannu, a ranar ma! Manhaja ta buɗe, na karanta sanarwa, shi kuma ya juya a guje.

Mutanen ƙauye sun jira shi har rana ta yi zafi, liman ya ce ba a ajiye gawa don mai rai. Ko da Garzali ya isa, ya tarar da su a ƙofar gida suna wanke ƙasar kabari daga hannuwansu.