Rufin gidan Rigachikun

Babbar 'yata ta haura arba'in lokacin da ta fara koyon rubuta manhajar kwamfuta. Ma'aikaciyar gwamnati ce, mijinta ya rasu, tana haya a Kurmin Mashi da 'ya'yanta. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata.

Aikin farko da malaminsu ya ba su shi ne shafin lissafin bashin gida: a sa kuɗin gidan, a sa ruwan banki da yawan shekaru, ya fitar da abin biya duk wata. Wata Asabar bayan la'asar ta kawo mini shi gidana a Abakpa in gwada.

Na zauna a Ingila, na ga mutum ya tare a gida tun ranar farko, yana biya har ya yi furfura. A Alƙahira na ga ƙarafa tsaye a saman bene suna jiran ɗa ya yi aure a ɗora masa nasa hawan. Mu nan bulo muke saya in albashi ya shigo, in ya ƙare gini ya tsaya.

Na ce, "Yana aiki. Amma wa kika sani da ya taɓa yin gida haka?"

"Baba, dannawa na ce ka yi, ban ce ka yi mini lacca ba."

Ashe maganar ta zauna mata. Ginin da take yi a Rigachikun ya kai linta ya tsaya, damina ta riga ta dake shi sau ɗaya, ga mai gidan haya ya ce ta tashi. A zanen ginin akwai ɗaki a gefe mai ƙofarsa daban, wanda ta ce nawa ne tun rasuwar mahaifiyarta. Ban taɓa amsa mata a fili ba, dattijo ba ya son a ce ya tare gidan 'yarsa. Amma raina ya kwanta da ɗakin.

Sai ta warware shafin ta sake gina shi. Ta cire ruwan banki da shekaru, ta sa kwano da katako da ladan kafinta, ɗaki ɗaki, da abin da take iya warewa duk wata, da watan da ake sa ran ruwan farko. Abin ya sha lalacewa, allon ya yi fari fat, ta koma ta bi layi bayan layi. Na koyi harsuna da dama, amma duk a bakin mutane na koya, masu gane nufinka ko ka yi kuskure. Ita abokin hirarta ba ya yafe komai, kuma ban ji ta yi ƙorafi ba.

Da ta gama, ta ajiye kwamfutar a cinyata. In aka zaɓi duka ɗakunan, rubutu ya fito ja: rufi ba zai riga damina ba. Ta cire kicin, ja. Ta cire ɗakin yara mata, ya koma kore, ta yi sauri ta mayar. Ɗaki ɗaya ne ba ta taɓa ba, ta naɗe hannu.

Tana iya gyara lissafin ya faɗi abin da zai yi mini daɗi, ba zan gane ba. Ba ta yi ba.

Na sa yatsa na cire nawa. Kore.

"Baba..."

"Uwata, kira kafinta. Gobe ma in zai samu."

Sun tare kafin ruwa ya sauka. Ɗakina yana nan a linta, jikokina sun shuka kuɓewa a ciki. Duk Juma'a nakan je in ci tuwo a falo, in komo Abakpa kafin magariba.