Zoɓon da Ya Rage wa Inna

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna mai zoɓo, kuma har yau ni kaɗai ce a ɗakin da muke haya a Zongo.

Inna tana da ciwon suga, ƙafafunta kullum a kumbure. Ta ji a bakin matan kasuwa cewa zoɓo yana sauke kumburi, ta riƙe maganar gam. A sana'arta kuwa ba a zubar da abin da ya rage, ba a kai shi gobe, lalacewa yake yi. Saboda haka duk gorar da ba ta fita ba zuwa la'asar, Inna ce ke shanye ta. Zoɓon sayarwa ne fa, wanda aka zambaɗa wa sukari don fataken shanu su dawo. In na yi magana sai ta ce, "Ke Hadiza, boko ya hana ki sanin magani? Fure ne, Allah ya halicce shi." Ni ce ma nake miƙa mata kofin.

Watan jiya na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa asibiti na karɓo sakamakon gwajin jinina. Suga ya hau. Ban cika shekara ashirin da huɗu ba. Na tambayi likitar zancen zoɓo. Ta ce akwai wani sinadari a cikinsa, filabonoyid, da masana ke bincike a kai don yana iya rage kumburin da ke tafe da irin ciwon nan. Amma ba a gama binciken ba, ba ya maye gurbin ƙwayar magani, kuma in an sa sukari an ɓata shi.

Ashe Inna ba ƙarya ta kama ba. Rabin magana ta samu, ba wanda ya kawo mata sauran. Da tana raye na san dariya za ta yi, ta ce ta riga likita sani. Ko za ta yarda ta sha shi da tsaminsa, wannan ne ban sani ba.

Danginmu suna can Nijeriya, ban gaya wa kowa ba. Abin da ta bar mini shi ne tukunyarta, da hannunta a dahuwa, da wannan jini. Ni ke zama a wurin sana'arta yanzu. Jiya gora biyar suka rage, mutane sun watse, ba wanda zan ba. Na daɗe tsaye a bakin kwata ina jin muryarta tana cewa almubazzaranci ne. Sannan na tsiyaye su ɗaya bayan ɗaya, ina ba ta haƙuri.