Sunan da Na Sauke Zuwa Ƙasan Shafi

Shekara goma sha uku ke nan da muka kai Malam Yahuza makwancinsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Bana na ga ido ya fara hazo, gwiwa ta fara gardama, na ce in ban faɗi maganar nan yanzu ba, da ita za a binne ni.

Ni ba mai zurfin boko ba ne. Daga firamare na koyi buga tafireta, na sami aikin akawu a wani sashe na jami'a, na shekara talatin da wani abu ina buga abin da masu ilimi suka rubuta. Malam Yahuza a laburare yake, ƙaramin ma'aikaci kamar ni, mai jera littattafai da kaɗe musu ƙura. Layinmu ɗaya a Tudun Wada, tare muke fita a kan kekuna, tare muke dawowa. Abin da ya raba mu shi ne, shi ɗan gidan malamai ne daga cikin birni, ya sauke, ya yi littattafai a zauren kakansa. Rubutun ajami komai tsufansa, ko gara ta ci rabinsa, in ya ɗora ido sai ya karanto maka kamar jiya aka rubuta.

A lokacin akwai wani matashin malami a sashenmu, Dakta Bashir, yana bincike a kan yadda alƙalan da suke raba gadon gonaki. An samo masa tsofaffin takardun shari'a cikin kwalaye, amma rubutun ya gagare shi. Malam Yahuza ne ya zauna kusan shekara biyu, duk lokacin hutun azahar, yana mayar da su boko cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Ba kwafa kaɗai yake yi ba. Na sha jin sa ta taga yana cewa, "A'a Dakta, wannan gonar aro ce, ba gado ba ce. Duba yadda alƙali ya ce." Dakta ya yi dariya ya soke shafi guda.

A wancan zamani akwai wata ƙofa ga irinmu. Ƙaramin ma'aikacin da sunansa ya fito a kan bincike ko guda ɗaya da aka buga a mujallar ilimi, ana iya kai takardunsa gaban kwamitin ƙarin girma, a mayar da shi mataimakin mai bincike, ya shiga sahun manyan ma'aikata. Dakta Bashir ya san da haka. Da ya gama rubutun, sai ya jera sunaye biyu a saman shafin farko, nasa da na Malam Yahuza. Tafiyar ƙaro karatu waje ta taso masa a gaggauce, ya dire mini takardun a tebur ya ce, "Akawu, ka buga, ka sa a ambulan ka kai gidan waya. Ba zan samu dubawa ba, na yarda da hannunka."

Na daɗe ina kallon sunayen nan biyu. Na ce wa kaina ai kara ce kawai Dakta ya yi. Na ce sunan mai kaɗe ƙura kafaɗa da kafaɗa da na Dakta rashin ladabi ne, masu mujalla za su yi dariya su dawo da aikin. Sai na buga sunan Dakta shi kaɗai a sama, na sauke na Malam Yahuza ƙasan shafi, cikin layin godiya. Na shekara da shekaru ina kiran abin nan sanin ya kamata. Yau ina faɗin sunansa na gaskiya. Na hango abokina da ofis mai ƙofa, ni ina ƙwanƙwasawa. Na hango shi yana miƙo mini takarda in buga. Zuciyata ta ƙi. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni dai na ga inda ta zama gishiri a gonar mutum.

Mujalla ta fito bayan shekara guda da wani abu. Dakta ya dawo ya gani, ransa ya ɓaci, ya ɗauka masu mujallar ne suka yi. Ma'aikata kuma suka riƙa raɗa cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, suka ɗora wa Dakta, bawan Allah, laifin da bai ji ba bai gani ba. Ina jin su, bakina a rufe. Kafin su sake haɗa wani aikin, aka sauya doka, aka ce sai mai digiri. Ƙofa ta rufe, Malam Yahuza ya yi ritaya yana jera littattafai.

Ya sani kuwa? Wata rana tayar kekena ta yi faci a Kwangila, muna tsaye wurin mai gyara, sai ya dube ni yana murmushi ya ce, "Akawu, injin buga takardun nan naka ɗan boko ne fa. Ya san manya, ya san ƙanana."

Na ce, "Kai dai Malam da tsokana."

Ya ce, "Ba tsokana ba ce, yabo ne. Inji mai ladabi, Allah ya yi masa albarka."

Na yi dariya, mai faci ma ya taya mu bai san kan zance ba. Nan ne ya buɗe mini hanya in ce yafe mini, ni kuwa na sunkuya ina latsa taya. Bai sake tayar da maganar ba har abada. Shi ya yi addu'a ranar sunan 'yata ta fari, shi ya tsaya a kaina da na kwanta asibiti. Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani na je da niyyar roƙonsa, na tarar ɗaki cike da 'yan dubiya. Na ce sannu Malam, Allah ya sawwaƙe, na fito, wai sai mutane sun ragu. Bayan kwana biyu aka aiko ya rasu.

Yanzu in na bi ta bakin jami'a sai in ga manyan alluna da hotunan waɗanda aka ƙara wa girma, wannan ya zama farfesa, wancan ya ciyo lambar yabo. Ina taya su murna, sun yi wahala. Amma nakan tambayi kaina me Malam Yahuza zai ce da zai leƙo. Takardun da ake bari cikin kwali gara na ci, yau an sa su a ɗaki mai sanyi, ɗalibai na ɗaukar hotonsu da waya. Ina jin muryarsa yana cewa, to waya ta ɗauka, wa zai karanta mata? An ce yanzu neman masu karanta tsohon ajami ake yi ruwa a jallo, a gayyato su daga nesa, a kira su masana, a zaunar da su a kujerar gaba. Ba na jin zai yi ƙorafi. Zai dai gyara hula ya ce a miƙo shafi na gaba.

Bana Farfesa Bashir ya yi ritaya, aka buga ɗan littafi na ayyukansa. Aikin farko a jerin shi ne wancan, da sunansa shi kaɗai. Da na gani, na hau a-daidaita zuwa gidansa a Tudun Jukun na faɗa masa komai. Ya ce, "Ashe kai ne, Akawu? Shekara nawa ina jin haushin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba." Na ce a gyara mana. Ya ce mujallar ta daɗe da mutuwa, masu ita sun bi ta, wa zai rubuta wa? Ya tambaye ni rubutunsa na hannu mai sunaye biyu. Na ce tun a makon da na buga aikin na yaga shi. Ranar walimar bankwana ya ambaci Malam Yahuza, ya ce tare suka yi aikin. Aka tafa. Ana ta raba abinci, ban ga wanda ya rubuta ba.

Daga nan na je wurin babbar 'yar marigayin, Hajara, malamar firamare ce yanzu. Ta saurare ni kanta a ƙasa har na gama, sannan ta ce, "Baba, ni ba ni da abin da zan riƙe ka da shi, kai ka ga tasowarmu. Amma haƙƙin ba nawa ba ne. Mai shi ya tafi." Na yi mata sallama na fito.

To me ya rage na Malam Yahuza? Littattafan nan da ya cika da hannunsa suna nan a laburare, bangonsu babu suna. An ce duk mai bincike a kan tsofaffin shari'u da su yake farawa, wasu sun hau kansu sun kai farfesa ba su san wa ya shimfiɗa musu ba. Ladan wannan na tabbata yana isa gare shi, don can ba a tambayar a wane mataki ka yi ritaya. Wannan nasa ne, kuma ba ya rage mini komai daga nawa.

Abin da na iya ke nan, na faɗa a jarida cewa aikin na mutum biyu ne, Bashir da Yahuza. Na san jarida ce, jibi za a naɗe tsire da ita, mujallar kuwa tana nan a kan kantar laburare yadda na buga ta. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ku roƙa mini ya sa ranar da za mu haɗu, in iya buɗe baki.