Baba Hodi da Garken 'Yan Koyo

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, nan bakin Argungu ta hanyar Gulma, kowa yakan ɗan tsaya a gaisa, amma ban da Baba Hodi. Shi sai dai ya ɗaga hannu daga nesa ya nufi garken da ke bayan gidansa. Ba da abinci yake farawa ba. Yakan bi turaku ɗaya bayan ɗaya, ya duba kashin da kowane rago ya yi, ya taɓa kunne, ya ja fatar ido ya ga ko ta yi fari, sannan ya ɗora tafin hannu a gefen ciki ya ji ko tumbi yana motsi. Kafin rana ta ɗaga 'yan koyo sun fara isowa, samari a kan keke, 'yan mata da takalman roba a cikin leda.

Ni maƙwabcinsa ne, kuma malamin sakandare. Shekara ashirin da uku ina sallamar yara, kuma ba zan ɓoye ba, ranar sallama ba ranar murna ba ce a wurina. Kaɗan ne suke wucewa gaba. Sauran zan gan su bayan wata shida a bakin titi suna zaman kashe wando, su hango ni su sunkuyar da kai, ni ma in yi kamar ban gan su ba. Wannan kunya ce Baba Hodi ya rage mini. Da ya bar aikin allurar dabbobi bayan shekara talatin da biyar yana yawon rugage, sai ya kewaye filin bayan gidansa da kara, ya zo har ƙofata ya ce, "Malam, waɗanda kag gama da su, turo man su."

Sharaɗinsa ɗaya ne: kowane ɗan koyo ya zo da dabbarsa, ko rago ko jar akuya, ko da kuwa ramammiya ce. Ya ce mai koyo da dabbar wani ba ya sammako. Wata tara ake yi a hannunsa, a koyi haɗa dusa da ƙuliƙuli da kanwa, a koyi adana harawa, yanke kofato, karɓar haihuwa, da ware sabuwar dabba mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Yana da faɗa, wannan kowa ya shaida. Ya taɓa mayar da wani yaro gida saboda ya bar kwanon ruwa da gansakuka.

Shekara huɗu da suka wuce ruwa ya ci fadama, shinkafar mutane da yawa ta jiƙe a cikin buhu har ta fara tsiro. Cikin 'yan koyon shekarar akwai Rabi'u, ɗan manomin shinkafa daga Gulma, yaro mai zuciyar alheri da gaggawa. A gidansu hatsin da ya ɓaci ba a zubarwa, dabbobi ake ba. Da Baba ya tafi ta'aziyya Gwadangaji ya kwana, Rabi'u ya ɗauko buhu biyu na jiƙaƙƙiyar shinkafa ya zuba wa raguna ashirin da biyu, nasa da na abokansa, suka ci suka yi nak. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ina wurin da hantsi lokacin da Baba ya dawo. Raguna sun kumbura, wasu suna cizon haƙora, wasu sun kwanta sun miƙe wuya. Sallar layya saura mako bakwai, kuma waɗannan raguna su ne duk abin da yaran suka mallaka. Na san idan suka mutu babu uban da zai sake turo ɗansa.

"Mi kunka ba su?" in ji Baba.

Sai Rabi'u ya nuna buhunan.

Baba bai ko kalle shi ba. Ya sa a kwashe abincin, a jiƙa kanwa, a kawo man gyada, ya tura wani a kan babur ya ɗauko likitan dabbobi. Kowane yaro ya tayar da ragonsa ya riƙa jan shi yana zagaya garke, ba a yarda ko ɗaya ya kwanta ba. Haka aka wuni. Sha tara suka tashi, uku kuwa dole aka sa musu wuƙa.

Washegari iyaye suka zo, wasu da igiya a hannu don su janye dabbobinsu da 'ya'yansu. Wani dattijo ya ce a nuna masa wanda ya yi wannan aika-aika.

"Ga ni nan," in ji Baba. "Ni nat tahi ban gaya musu jiƙaƙƙen hatsi shina kisa ba. Ɗiyan manoma na, abin da sunka gani gida shi sunka yi. Wanda ka son faɗa, shi yi da ni."

Sannan ya sa aka kawo tumbin ɗaya daga cikin ragunan da aka yanka, ya farke shi a gaban kowa. Tsamin da ya tashi sai da mutane suka ja da baya. Ya sa kowane ɗan koyo ya tura hannu ciki ya ji, har 'yan matan. Iyaye biyu ne kawai suka tafi da 'ya'yansu. Rabi'u ya ƙarasa watanninsa, kuma yau a Gulma shi ake kira idan dabba ta kumbura.

Kai ne ka yi wannan, Baba. Kai ne ka ɗauki laifin yaro ka ɗora a furfurarka don kada ya tsani sana'ar. Mijin Laure, makiyayin raguna da masu raguna. Mutum ɗari da sittin da wani abu suka bi ta hannunka, daga nan har Zauro, kuma ban taɓa jin an kira sunanka a wani taro ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma shi ne yake hana ni sukuni. Watan jiya na leƙa garke na tarar Baba ya zuƙi magani a sirinji, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Sumayya, ɗaya daga cikin 'yan koyon bana.

"Karanta man, ɗiyata, in gani ko kin iya."

Ta karanta, ya ce ta ci jarrabawa. Amma da na koma gefe yarinyar ta biyo ni ta ce, "Malam, kullum haka shika yi yanzu. Ba jarrabawa ta ba, ba shi gani."

Na tare shi da maganar, ya yi ta kwana-kwana, har dai ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yanar ido ce ta rufe ido ɗaya, ɗayan ma ta kama. Za a yi masa aiki a Birnin Kebbi ranar Asabar mai zuwa, kuma likita ya ce kwana arba'in kada ya kusanci ƙurar garke, kada ya sunkuya, kada ya ɗaga ko bokiti. Inna Laure, matarsa, ta rantse ita za ta tsare ƙofa. 'Yan koyo goma sha bakwai ne a hannunsa, watansu uku kacal, akuyoyi biyar suna gab da haihuwa, kuma babu mataimaki. Ina tsoron kwana arba'in ɗin nan ƙwarai. Yaro idan ya zo sau uku bai tarar da malami ba, na huɗu bakin titi zai tsaya, na ga haka ya fi a ƙirga.

Mun gode, Baba. Allah ya ba da sa'ar aiki, ya mayar maka da ganinka, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma da kuka koya a garken nan, da ku nake. Rabi'u ya ɗauki Litinin da Alhamis, zai riƙa zuwa daga Gulma yana kula da 'yan koyon. Ni na ɗauki Lahadi, ko da ban iya komai ba sai kiran suna da share turke. Saura kwana huɗu a mako ba su da mai su. Na san da yawanku za ku so ku zo dubiya da lemo da kankana, shi ya sa na tambaye shi lokacin da ya fi so a riƙa zuwa gaishe shi. Sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Malam, gaya musu ina da mai jinya. Wanda duk ka son duba ni, shi wuce bayan gida, can ɗiyan suke."