Tagar Sansanin Fanya

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin ina da shagon hoto a bayan Kasuwar Jalingo. Wani Alhaji ne ya kwashe ni zuwa bikin 'yarsa a Ikwatoriyal Gini, a tsibirin nan da tsofaffinmu ke kira Fanya, ni da ko kogin Binuwai ban son hayewa.

Kafin na tafi na je unguwar Sintali yi wa Goggo, ƙanwar kakana, sallama. Wani wanta, Buba, ya tafi Fanya aikin gonar koko tun zamanin Turawa, tana 'yar budurwa, shiru har yau, kuma ta hana a yi masa sadakar mamaci, wai mai rai ba a yi masa. Ta ce, “Ɗauko mini hoton wurin kawai, in gani.”

Bayan biki aka kai ni wani tsohon sansanin Turawan Sifen a bakin teku, igwoyi sun yi tsatsa, bango duk gansakuka, mai gadin yana ce mini a ɗakin ƙasa ake kulle leburorin da suka gudu daga gona. Rana tsaka ce fa! Na durƙusa ina saita wata taga mai ƙarafuna, sai na ji an yi sallama daga ciki, ni kuwa na amsa, wa ke ƙin amsa sallama? Muryar ta ce, da Hausa irin tamu ta gida, “Yaro, ka ce wa Adama ta daina ajiye mini tuwo.”

Innalillahi! Na leƙa, ɗaki wayam, sai warin ruwan gishiri. Ban ma san lokacin da na danna kyamara ba.

Da na dawo na faɗa wa Goggo, ita ce Adamar, mu jikoki ba ma kama sunanta. Ta jawo wani kwano a rufe daga ƙarƙashin gado, ashe kullum sai ta zuba masa tuwo, ba wanda ya sani. Na miƙa mata hoton, bango ne da baƙar taga, ba kowa. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe, sannan ta ce, “Wayyo Buba, ka rame.” Nan na fashe da kuka, ba na ɓoye muku.

Washegari ta sa aka toya waina aka raba.

Hoton na nan wurina, na duba har na gaji, bango kawai nake gani. Ku da ke nesa, don Allah ku riƙa aikowa gida da labari, ko yaya yake.