Sunan da Kaka Ke Kiran Baba da Shi

Gidanmu na Woodbridge, can ƙasar Turawa, yana da murhu a falo, irin wanda Turawa ke ginawa a jikin bango don ado. Ba wanda ya taɓa hura shi sai da Kaka ta zo daga ƙasar Zariya a tsakiyar shekarun 1980. Tana ganinsa ta sa aka sayo itace, ta ce ita ba ta yarda da ɗumin da ba a ganin wutarsa ba. Kowace yamma bayan an ci tuwo sai ta shimfiɗa bargo, ta tura dankali cikin toka, ni da ƙanena Bulus mu zauna gabanta. Tana tatsuniya da Hausa, muna amsawa da Turanci, tana cewa an haifa mata jikoki masu kunne biyu da rabin baki.

Sunan gidanmu Sullivan, sunan mutanen ƙasar Ailan, mu kuwa baƙaƙe wuluk. Kaka ba ta ga abin mamaki a ciki ba. Duk mai wannan suna ɗan'uwanta ne, daga ɗan damben da ke cikin littafina na makaranta har matar da aka nuna a talabijin tana yawo a sararin samaniya. "Jinin namu akwai rawar kai," in ji ta. "Mace da hawan sama!"

Wata Juma'a Baba ya shigo daga cunkoson babbar hanya, fuskarsa a murtuke.

"Suliban, sannu da hanya," Kaka ta ce masa, yadda bakinta ke faɗin Sullivan, idonta na kan wuta.

Ko rigar sanyi bai cire ba ya fara faɗa wa Mama abin da ya faru. Ya je intabiyu na wani aiki da ya daɗe yana nema. Mai kiran suna ya fito ya ce "Mista Sullivan" yana waige-waige, Baba ya miƙe, mutumin ya ce masa ya yi haƙuri ya zauna, ba a zo kansa ba. Da aka gane shi ne, hirar ba ta yi nisa ba.

"Na gaji," ya ce. "Bature na yi mini kallon ɓarawon suna, namu kuma na yi mini kallon bawan Bature. Ranar Litinin zan je kotu a cire shi."

Kaka ta daina juya dankali. Baba ɗan farinta ne. A al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi musu da shi. In tana da magana sai ta biyo ta kanmu.

"Ku matso," ta ce. "Ga wata nan tafe daga ƙasar ruwan sama."

Mun saba cewa ta shigo ta ji ɗumi. Ranar ba mu iya ba.

Ta ce a can Ailan an yi wani sarki mai ido ɗaya, wanda bai taɓa cewa a'a ga mai roƙo ba. Wani mugun maroƙi ya so ya kunyata shi, sai ya zo gaban jama'a ya ce ba ya son saniya, ba ya son zinariya, idon nan yake so. Sarki ya sa yatsa ya ƙwaƙule idon ya miƙa masa. Aka ja shi zuwa wata rijiya ya wanke jinin, yana ɗagowa sai ga ido biyu garau. Daga labarin idon nan, in ji ta, zuriyarsa suka samo sunansu.

"Wa ya gaya miki?" Bulus ya tambaya.

"Jikan sarkin. Fada Suliban na mishan ɗinmu, mai jan kunne kamar gauta." Ta ce shekarar da sanƙarau ya shigo ƙauyensu, ciwon ya kama Fada ya kuma kama wani jariri, allurar da ta rage kuwa ta mutum ɗaya ce. Fada ya ce a yi wa jaririn, jaririn ya tashi. Fada yana kwance bayan coci har yau, ba a samu rijiyar da za a wanke shi ba. Uban jaririn ne ya ɗauki sunan ya ɗora wa ɗansa, wato Baba.

"Na san wannan, Inna," Baba ya ce daga bakin ƙofa. "Tun ina yaro nake jin sa. Allah Ya saka masa. Amma ni ke shiga ofisoshin nan, ba shi ba."

Ban taɓa jin ya katse ta ba. Mama ta sunkuyar da kai. Dankali ya fara ƙauri, ba wanda ya motsa.

Kaka ta juyo wurina.

"Rifkatu, tambayar mini ubanki. Sunan da aka raɗa masa ba na iya faɗa. Na ubansa, mijina ne, shi ma ba na iya faɗa. Wannan na baƙo ne, shi kaɗai bakina ke ɗauka ba kunya. In ya cire shi, da me zan kira shi?"

Baba ya cire rigar sanyinsa a hankali, ya zo ya durƙusa gaban murhu, ya ciro ƙonannen dankalin da hannu. Ranar Litinin wurin aikinsa ya tafi.

Na daɗe ina ɗauka labarin kyauta Kaka ta ba mu, sarki ya ba da ido, Fada ya ba da rai. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane ita ce mai ido ɗaya a ɗakin nan, kuma idon aka zo karɓa. Yanzu Baba ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, in na ce "Baba" sai na maimaita sau da yawa. Amma in na matso na ce "Suliban" yadda Kaka take faɗa, nan take yake juyowa, kuma ba ni yake dubawa ba.